Hukuncin renon ciyawar ado da sayar da ita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a bakin Gulbin Maradi, inda nake renon gamba da jema da tsaure da ƙariya a cikin leda, ina sayar wa masu gidaje su ƙawata farfajiyarsu. Wani dattijo ya ce mini kuɗin ba su halatta ba, tunda abin ba a cinsa, kuma ciyawa ta kowa ce. Mene ne hukuncin sana'ata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, sana'arka halal ce, kuɗinta ma halal ne, matuƙar ka kiyaye abin da za mu ambata.

Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa abin sayarwa ya kasance mai tsarki, mai amfani, sananne, wanda za a iya miƙa shi ga mai saye. Amfani a shari'a bai tsaya ga abin da ke shiga ciki ba, domin a aya ta 60 ta Suratun Namli Allah ya lissafa lambuna masu ƙayatarwa cikin ni'imominsa, kuma a aya ta 32 ta Suratul A'arafi ya yi inkari ga wanda ya haramta adon da ya fitar wa bayinsa. Balle ma saiwar jema tana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, gamba kuwa da ita ake saƙa zana, kuma tsirran ƙasarmu sun fi na waje jure rani, abin da ke rage ɓarnar ruwa.

Maganar dattijon tana da tushe, Allah ya saka masa da alheri, sai dai an ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta yana magana ne a kan ciyawar da ta tsiro da kanta a ƙasar da ba ta da mai ita. Wadda ka shuka da hannunka, ka zuba mata taki, ka yi mata ban ruwa safe da yamma, ta zama dukiyarka kamar gero a rumbu.

Inda nake jin tsoro gare ka shi ne wajen samo iri. Gambar da kake gani a kan iyakar gonaki tana da mai ita, sau da yawa ma ita ce shaidar iyaka tsakanin maƙwabta, saboda haka tuge ta ba da izini ba cin haƙƙi ne, kuma yana iya haddasa rigimar gona. Wadda ke burtali ko makiyaya kuwa haƙƙin dabbobin jama'a ce. Yanka ta ya halatta gwargwadon buƙata, amma tumɓuke gindinta gaba ɗaya har wuri ya zama faƙo cutarwa ce, shari'a kuma ta hana cuta. Ka tsaga kaɗan daga gindi ka bar uwar, ko ka tara iri bayan damina, kuma ka bi dokar ma'aikatan gandun daji a dazuzzukan da aka killace irin na Baban Rafi.

Wajibi ne kuma ka bayyana aibi. Ka gaya wa mai saye cewa gamba tana bushewa da rani sai ta sake toho, kuma ruwan ƙariya dafi ne, don ya nisantar da ita daga yara da awaki. Kada ka sayar da reshen da aka soka jiya a leda da sunan ya kama saiwa, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Babu zakkar amfanin gona a kan waɗannan tsirrai, sai dai zakkar kuɗinsu idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Wallahu a'alam.