Dubu biyu duk wata: shin ƙungiyar 'yan kasuwa ta cancanci kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan tireda ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata huɗu da karɓar shago daga hannun mahaifina. Ina sayar da shinkafa, sukari, man girki, taliya, sabulu da makamantansu. Shugabannin layinmu sun matsa mini lamba in shiga ƙungiya, sefa dubu biyu duk wata. Baba ya daɗe yana biya, amma ban ga abin da ya samu ba sai buhun shinkafa da tabarmi ranar da kawuna ya rasu. Yanzu riba ta ƙanƙance, kuɗin mota ya hau, ma'aikata ba sa ƙarewa a ƙofar shago, ga bashi ya cika littafi. Mene ne ainihin aikin ƙungiya, kuma za ta rage mini wani abu cikin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa shagon albarka, ya ƙara wa Baba lafiya.

Shawarata ita ce ka shiga. Amma kafin ka miƙa dubu biyun farko, ka roƙi dattawan cikin ladabi su nuna maka abu biyu: takardar shaidar rajista daga ofishin prefe, wato wakilin gwamnati mai kula da yankinku, da littafin da ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan suka ɗauko maka su nan take, ka samu mutanen kirki. Idan aka fara kame-kame, to ka shiga duk da haka, sai dai ka san akwai aikin gyara a gabanka.

Na yi shekaru ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi a Marwa, na kuma taɓa zama magatakardan ƙungiyar wani layi, don haka na san irin wadda Baba ya yi ta biya. Kada ka raina buhun shinkafar nan. Ranar rasuwa, mutum ya ga 'yan layinsa sun rufe shaguna sun zo sun zauna da shi, abu ne babba. Sai dai wannan zumunci ne, kuma ko adashi ma yana iya yinsa. Aikin ƙungiyar 'yan kasuwa shi ne ta yi abin da mai shago ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba, komai ƙoƙarinsa.

Mu fara da ma'aikatan da ka ce ba sa ƙarewa, domin a nan ne ƙungiya ta fi biyan kuɗinta. Yawancinmu takardun gwamnati da Faransanci suke zuwa mana, kuma kaɗan ne ke karanta su har ƙarshe. Mai shago ba ya bambance wanda ya zo daga ofishin lampo, da wanda ya zo daga meri, wato ofishin magajin gari, karɓar kuɗin wuri, da na ma'aikatar kasuwanci mai duba farashi da sikeli, da na tsabta. Duk wanda ya shigo da jaka a hammata, sai ya kai hannu aljihu don a rabu lafiya. Alhali kowannensu da iyakar aikinsa. Dokar kasuwanci ta Disamban 2015 ta wajabta maka ka bayyana farashin kaya yadda mai saye zai gani. Ledar nan marar kauri an hana ta tun 2014. Lambar mai biyan haraji, wadda suke kira NIU, dole ce ka mallaka. A ƙarshen 2024 kuma an yi sabuwar dokar harajin ƙananan hukumomi wadda ta kawo dunƙulallen haraji, IGS, ga wanda cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 50 ba, ya maye gurbin tsohon lampon da ƙananan shaguna suka saba biya. Mutum nawa ne a layinku aka zaunar aka yi wa bayanin wane aji ya faɗa a wannan sabon tsari?

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata shekara 'yan layinmu suka yi ta kuka da wani ofishi. Na ce kowa ya kawo mini takardun da ya biya. Wani ya kawo nasa a cikin gwangwanin madara, a naɗe da roba, wasu duk mai ya jiƙa su. Wani dattijo ya zaro nasa daga ƙarƙashin buzun da yake salla. Muka baje su a kan tabarma bayan la'asar, muka jera shago da shago. Sai ga shaguna biyu masu ƙofa ɗaya, kaya iri ɗaya, wani ya biya ninkin abin da maƙwabcinsa ya biya. Wasu kuwa takardar da ke hannunsu ba rasit ba ce sam, guntun fallen littafi ne da sa hannu, babu hatimi. Muka rubuta wasiƙa ɗaya, mutum uku suka kai ta da kofen takardun. Ba a mayar wa kowa ko dala ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Amma daga ranar muka kafa ƙa'ida: duk ma'aikacin da ya zo, a nemi takardar da ta aiko shi, a kira magatakarda, kuma kada kowa ya biya sai da rasit mai hatimi. Masu zuwa na gaskiya suka ci gaba da zuwa, muka ci gaba da biya. Sauran suka ɗauke ƙafa da kansu.

Akwai kuma cibiyoyin riƙe lissafi da gwamnati ta amince da su, waɗanda ake kira CGA. Wanda ya shiga yana samun sassaucin haraji, ana kuma taya shi cike takardu. Mai shago ɗaya kan ji nauyin zuwa, amma ƙungiya na iya gayyato su su zo har kasuwa.

Sai maganar kuɗin mota. Mu a arewa nisa ne ke cinye mu. Shinkafa ta sauka a tashar ruwan Duwala, ta hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, sannan ta gangaro dutsen nan zuwa Garwa. Mu na Marwa da na Kusuri tafiyarmu ta fi taku tsawo, kuma duk wanda ya bi hanyar Mora zuwa Kusuri da damina ya san abin da mota ke sha. A Fabrairun 2023 litar gas, wato man dizal, ta tashi daga sefa 575 zuwa 720, fetur daga 630 zuwa 730. Bayan shekara guda, a Fabrairun 2024, gas ya kai 828, fetur 840. Zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, wanda ke rage mana zafi, shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023. Ƙungiya ba za ta sauko da farashin gas ba. Abin da za ta iya shi ne ta hana ku sayen buhu biyar-biyar daga hannu na uku. Idan shago ashirin suka haɗa kuɗi suka yi sari ɗaya, mota ɗaya, kai tsaye daga babban dila, ribar hannu ɗaya ko biyu ta dawo aljihunku. A misali, ko sefa 500 ce ta ragu a kan buhu, mai sayar da buhu arba'in a wata ya tsira da dubu ashirin, ninkin kuɗin ƙungiya sau goma.

A nan sai a kula da doka. Ƙungiyar da aka yi wa rajista ƙarƙashin dokar 19 ga Disamba 1990 ba ta neman riba ba ce. Yin ta da sauƙi: a kai takardar sanarwa da kundin ƙa'idoji ofishin prefe, kuma idan wata biyu suka wuce bai ce komai ba, doka ta ɗauka ya amince. Amma idan za ku riƙa sari da raba riba, ku kafa wani abu daban a gefe. Dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, waɗanda ake kira OHADA, da Kamaru da Chadi duk ke aiki da su, sun ba da hanya biyu: ƙungiyar gama kai mai sauƙin tsari, wadda mutum biyar sun isa su kafa, ko GIE, wato haɗakar 'yan kasuwa don bunƙasa sana'arsu, wadda ake iya kafawa ba tare da jari ba. Ni na fi karkata ga ta farko, domin a GIE bashin da aka ci da sunan kowa ana iya bin kowane ɗayanku shi kaɗai ya biya. Na ga amintaka ta shekara ashirin ta watse a kan mota ɗaya ta sukari, don kawai ba a rubuta wa ya zuba nawa ba.

Wani abin da ke ƙona wa ɗan tireda rai shi ne farashin gwamnati. Tun tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008, ma'aikatar kasuwanci ke zama da masu shigo da kaya da manyan kamfanoni a Yawunde ana tsayar da farashin kayan masarufi. Sai dila ya sayar maka sama da abin da aka tsayar, ya hana ka faktir, wato takardar shaidar sari, ko ya rubuta maka adadin da ba shi ka biya ba. Mai duba farashi ya zo, kai ne a bakin titi, kai za a ci tara. Idan kai kaɗai ka ce sai an ba ka faktir na gaskiya, dila zai ce ga hanya nan. Idan shago hamsin suka faɗa da baki ɗaya, zai ɗauko biro. Ƙungiya mai rajista kuma tana da ƙafar shiga ofishin wakilin ma'aikatar kasuwanci na jiha, da reshen majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa, CCIMA, ta ajiye musu lissafin abin da buhu ke ci kafin ya iso Garwa.

Kayan Najeriya kuwa, kai ka fi ni sani. Yau naira ta faɗi, na Mubi da Yola sun karya farashin abin da ka saro daga Duwala. Gobe an rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kaya sun yanke. Iyakar abin da ƙungiya za ta yi a nan shi ne saurin isar da labari, da fahimtar da mutane abin da duwan, wato jami'an kwastan, ke nema, don kada jarin mutum ya kwana a hannunsu.

Bashi naka ne, babu ƙungiyar da za ta karɓo maka. Ma'aikaci yana jiran ƙarshen wata, manomi yana jiran kuɗin auduga daga kamfanin Sodecoton, maƙwabciya ta aiko yaro da kwano, ba za ka iya cewa a'a ga kowa ba. Ka sa wa kowa iyaka, ka rubuta a gabansa. Abin da 'yan layi za su iya shi ne su sanar da juna a asirce game da mai cin bashi a nan ya koma can, ba tare da tozarta kowa ba.

Akwai abin da ban yarda ƙungiya ta yi ba, kuma ina faɗa ko a gaban wa. Kada ta zauna ta ƙulla farashi don a matse mai saye, ko ta hana baƙo buɗe shago a layi. Dokar gasa ta 1998 ta haramta haɗa baki a kan farashi, kuma kafin doka addini ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Mai sayen nan uwarka ce, ƙanwarka ce. Haka kuma idan shugaba ya mayar da ita tsanin zuwa wurin 'yan siyasa, ko ya shekara goma babu zaɓe, matasa irinka ne ya kamata su yi magana, da ladabi amma a fili.

Ka yi wannan lissafin kafin taro na gaba. Idan shago hamsin ne a layinku, dubu biyu-biyu ta zama dubu ɗari a wata, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Wannan ya isa a biya mai gadin dare, a sayi tukwanen kashe gobara, a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin da aka jona barkatai, a ɗan sallami yaro mai Faransanci da zai riƙa bin takardu, kuma gudummawar rasuwa da biki ba ta tsaya ba. Ka nemi a ajiye kuɗin a asusu da sa hannun mutum biyu ko uku, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata uku. A taron ka kuma tayar da maganar CNPS, hukumar fansho ta ƙasa, domin tun 2014 mai sana'ar kansa yana iya yin rajista ya riƙa zubi don fansho, abin da yawancin iyayenmu ba su samu ba.

Kafin ka je, ka zauna da Baba ka tambaye shi wa ke riƙe da littafin a zamaninsa, da kuma wane dattijo ne ake jin maganarsa a layin. Ta wurin wannan dattijon za ka shigar da buƙatarka, ka kuma ce kai ka yarda ka riƙe biro idan suna neman mai rubutu.