Amsa kan digiri na biyu a fannin sarrafa injinan masana'antu

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin farko a injiniyan lantarki, kana son yin na biyu a fannin masana'antun zamani masu injinan da ke sarrafa kansu, kuma kana neman shawara kan zaɓen makaranta. Ni ma hanyar da na bi ke nan, sai dai na fara aiki a masana'anta kafin in koma karatu.

Kada sunan kwas ya ja ka. Tun da Jamusawa suka ƙaddamar da shirin Industrie 4.0 na haɗa masana'antu da kwamfuta da intanet a baje-kolin Hannover a 2011, kwasa-kwasan wannan fanni suka yawaita, amma ba duka ne ke da kayan aiki ba. Ka tambayi abin da ke cikin ɗakin gwajinsu. Akwai PLC na gaske, wato kwamfutar da ke sarrafa injin masana'anta, da ɗalibi zai haɗa wa waya da hannunsa, ko komai a allon kwamfuta ake yi? Kundin bincike fa, tare da wata masana'anta ake yinsa?

Na nace a kan PLC ne domin ita ce ƙwaƙwalwar da ke ba injin umarni. Kamfanin General Motors ne ya nemi irinta a 1968 don ya rabu da akwatunan rilai (makunnan lantarki) masu cin lokaci wajen gyara, kuma har gobe ita ke riƙe da layukan sarrafa kaya. A inda na yi aiki, akwai tsofaffin injina masu aika bayanai ta Modbus, tsarin da ya fito tun 1979, ga kuma sababbi a gefensu masu amfani da OPC UA. Rabin aikin injiniya a wurin shi ne ya sa su fahimci juna.

Nawa kundin a kan hasashen lalacewar boris ne ta hanyar auna girgizar injin. Rubuta manhajar da Python bai ba ni wahala sosai ba. Tattara bayanan ne ya cinye mini lokaci. In ba a ɗaure na'urar auna girgiza da kyau a jikin injin ba, hayaniya kawai za ta kawo maka. Agogon wannan injin bai yi daidai da na wancan ba. Littafin masu gyara kuma, wanda shi kaɗai zai nuna ranar da boris ya mutu, sau da yawa "an gyara" kawai za ka gani a ciki, ba a ce me aka canja ba. Dole na riƙa zama da masu gyaran nan ina tambayarsu, kuma wallahi abin da suke ganewa da kunne kawai ya ƙara mini girmama su. Ƙirƙirarriyar basira ba ta iya komai da gurɓatattun bayanai, shi ya sa nake jin takaicin kwas ɗin da zai fara da ita alhali ɗalibi bai san dalilin da ya sa siginar masana'anta ke tafiya daga miliamfa 4 zuwa 20 (ma'aunin wutar da ke bin waya) maimakon ta fara daga sifili ba. Dalilin kuwa mai sauƙi ne: in ka ga sifili, ka san waya ta tsinke.

Kafin ka shiga, ka waiwayi lissafin daidaita injina, musamman PID (hanyar da injin ke gyara kansa in ya kauce wa ma'aunin da aka sa masa), da ilimin ƙididdiga. Ka sauke CODESYS, manhajar rubuta wa PLC shiri, kyauta ne, ka koyi rubuta shiri da zanen tsani da kuma rubutun ST, duka harsunan shirya PLC ne da ke cikin ƙa'idar IEC 61131-3. Ka kuma duba ko suna koyar da tsaron intanet na masana'antu. Tun da aka gano muguwar manhajar Stuxnet a 2010, wadda ta kai wa na'urorin Siemens hari, ba wanda ke wasa da wannan ɓangaren.

In ka ware makarantu biyu ko uku, ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, ka roƙe shi ya turo maka kundayen ɗalibansa na baya. A nan za ka ga ko da bayanan injin gaske suka yi aiki. Allah ya ba da sa'a.