Tambaya da Amsa: Na kunna DAX amma wasu fayiloli sun koma baya

TAMBAYA: Slm Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin kwamfuta ne, a wajen da nake koyon aiki akwai wata saba ta hannu da aka sayo mai memorin Intel Optane, Linux muke amfani da shi da XFS, wato tsarin ajiye fayiloli a diski. Oga ya ce in kunna DAX wai komai zai yi gudu, na saka -o dax wajen maunt (wato haɗa diskin da Linux domin a iya buɗe fayilolinsa), to rumbun bayananmu kam ya ɗan yi sauri amma fayilolin da ake yawan karantawa sai suka ƙara nauyi, kuma na gwada cire shi a kan fayil ɗaya ban ga wani canji ba. Dan Allah ina matsalar take? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Sabarku lafiyarta ƙalau, matsalar ita ce ka kunna wa kowa abin da wasu kaɗan ne ke buƙatarsa.

A al'ada idan manhaja ta nemi fayil, kanel na Linux, wato zuciyar tsarin mai kula da memori da diski, yakan kwafo shi daga diski ya ajiye a RAM, in an sake nema daga can za a ɗauka ba sai an koma diski ba. To shi Optane da Intel ta fitar a 2019 a ramin RAM ake soka shi, furosesa na iya taɓa shi kai tsaye, kuma ko an ɗauke wuta abin da ke ciki yana nan. Saboda irin wannan memorin aka kawo DAX (Direct Access, wato isa ga memori kai tsaye) tun Linux 4.0 a 2015, aikinsa kawai ya tsallake wancan kwafin, manhaja ta yi mmap, wato ta buɗe fayil kamar wani yanki na memorinta, ta riƙa karatu da rubutu a kan memorin kansa. Amma fa Optane bai kai RAM sauri ba musamman wajen rubutu, don haka fayil ɗin da da yake zaune a RAM ana ɗaukarsa nan take yanzu ka tilasta masa kullum sai an je Optane, kamar mai shago ne ya kwashe kayan da aka fi saya daga kanta ya mayar sito, dole layi ya yi tsawo.

Shi -o dax ɗin da ka saka tsohon salo ne, daidai yake da dax=always, kuma a wannan yanayin kanel ba ya ma duba alamar DAX da ake sa wa kowane fayil, shi ya sa ka cire ba ka ga komai ba. Daga Linux 5.8 na 2020, bayan aikin Ira Weiny na Intel, XFS da takwaransa ext4 sun samu zaɓi uku: always (kowane fayil), never (babu ko ɗaya) da inode (mai alamar kaɗai). Wanda kake so shi ne dax=inode. Ka sake maunt da shi, sannan ka sa alamar a kan foldar rumbun bayanan kaɗai da xfs_io -c 'chattr +x' sai sunan foldar. Duk sabon fayil da aka ƙirƙira a ciki zai gaji alamar, amma tsofaffin da ke ciki ba za su gada ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Alamar da aka rubuta a diski daban, halin da fayil yake ciki a memori a wannan lokacin daban. Muddin akwai manhajar da ta buɗe fayil ɗin canjin ba zai kama ba sai kowa ya rufe shi, saboda sauya hanyar karatu alhali wani na tsakiyar rubutu na iya lalata bayanai, kuma wlh na ga hikimar masu kanel da suka ƙi yarda da hakan. Ka tsayar da manhajar, ka canza, in kana son tabbas ka sauke maunt ka mayar, sannan ka duba da statx mai nuna halin da fayil yake ciki yanzu, domin umarnin lsattr alamar diskin kawai yake nuna maka.

Abin da ya fi damuna shi ne kar ka ɗauka da DAX an gama da asarar bayanai. Rubutu na iya maƙalewa a ƙaramin ma'ajin furosesa bai isa Optane ba, wuta ta ɗauke ya tafi. Sai manhajar ta kira fsync ko msync, masu tilasta rubutun ya isa Optane, ko kuma ta yi amfani da zaɓin mmap mai suna MAP_SYNC da ya zo a Linux 4.15 ta riƙa tura rubutun da kanta, irin yadda PMDK, kayan rubuta manhaja na Intel don wannan memorin, ke yi. In manhajarku ba a rubuta ta da sanin wannan memorin ba, ribar ba lallai ta taka kara ta karya ba, ka auna da DAX da kuma babu kafin ka yanke.

Sannan ka faɗa wa oga Intel ta sanar da rufe harkar Optane tun Yulin 2022, in sandar Optane ɗaya ta mutu sai dai a nemo ta hannu, don haka ku riƙa ajiye kwafin bayananku a wani diskin daban kullum.