Tambaya da Amsa: An Ce Ɗarin Bana Ba Zai Yi Tsanani Ba, Ko In Daina Tsoron Jaura a Lambuna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni manomin lambu ne a wani kwari da ke cikin duwatsun Azbin, kusa da Tabelot a jihar Agadas. Albasa muka saba nomawa, amma bana na zuba dankalin Turawa da ɗan tumatir a ƙasan garkar, wajen da ya fi kusa da ƙorama. Ina jin ana cewa ɗarin bana zai zo da sauƙi, kuma wayata ba ta nuna mini ƙasa da digiri 8 ba ko da asuba. Yayana ya ce in kwantar da hankalina. Shin in dogara da wannan hasashe, ko kuwa in yi tanadi?

Daga wani mai karatu a jihar Agadas

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka yi tanadi, tare da girmama maganar yayanka, domin irin wannan hasashe yana magana ne a kan matsakaicin sanyin watanni uku, wato Disamba da Janairu da Fabrairu, a faɗin yanki mai girma. Ana iya samun shekarar da ɗarinta ya yi sauƙi gaba ɗaya, amma a cikinta a sami dare ɗaya da sanyi ya sauka zuwa digiri sifiri, inda ruwa yake daskarewa, kuma daren nan ɗaya ya isa ya kashe tumatir. Hatta manyan cibiyoyin nazarin yanayi da ke Yamai, irin su AGRHYMET da ACMAD, an fi sanin su da hasashen damina, wato lokacin saukar ruwa da yawansa. Babu wani masani da zai iya faɗa maka tun watan Nuwamba daren da jaura, wato sanyin da ke daskarar da ganye, za ta faɗo a garkarka. Hasashen kwana uku zuwa biyar shi ne mai amfani a wannan fage.

Game da wayarka kuwa, ka duba sunan garin da take nunawa. Sau da yawa na birnin Agadas ne, wanda tsayinsa bai wuce kimanin mita 500 daga doron teku ba, alhali lambunan Azbin suna can sama, kuma ƙololuwar dutsen Bagzan ta kai mita 2,022. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6 da rabi. Bayan haka, ana auna zafin iska ne a tsayin kusan mita 2 daga ƙasa, a cikin akwati mai inuwa, yayin da ganyen dankalinka yake kwance dab da ƙasa, inda sanyi kan fi haka da digiri uku ko huɗu a daren da sama ta washe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne wurin da ka sa tumatir ɗin. Da rana ƙasa da duwatsu suna shan zafi, da dare kuma suna sakin sa zuwa sama. Idan akwai gajimare sai ya mayar da wani ɓangare na zafin, amma sararin Sahara a lokacin hunturu fayau yake, iskar kuma busasshiya ce, don haka zafin yakan tafi ba tare da wani shamaki ba. Iskar da ta yi sanyi a jikin dutse ta fi nauyi, saboda haka takan gangaro kamar ruwa, ta bi ƙorama, ta taru a wuri mafi zurfi. Shi ya sa za ka ga lambu biyu na maƙwabta, na gangare ya tsira lafiya lau, na ƙasan kwari ya ƙone. Idan akwai darni mai kauri ko katanga a ƙasan garkar, to yana tare wannan iska ya hana ta wucewa, kuma buɗe mata kafa a can yana rage ɓarna.

Mutane da yawa suna tsoron daren da iskar hunturu take kaɗawa da ƙarfi, domin shi ne jiki ya fi ji. A wajen shuka, daren da ya fi haɗari shi ne wanda ya biyo bayan iskar ta kwanta: ganye ba ya motsi, taurari sun fito tar, hayaƙin murhu yana miƙewa sama sak, kuma sanyi ya fara cizo tun bayan magariba. Mafi tsananinsa yakan zo ne dab da fitowar rana. Kada kuma ka jira sai ka ga farar ƙanƙara a kan ganye, domin inda iska ta bushe ƙwarai ba a samun raɓar da za ta daskare. Ruwan da ke cikin ganyen ne yake daskarewa, sai hantsi ya yi ka tarar ya yi baƙi ya lanƙwashe.

Albasa da tafarnuwa da kabeji da karas suna jure irin wannan sanyi, haka ma alkama muddin ba ta kai lokacin fitar da kai ba. Tumatir da tattasai ba sa jure sifiri, ganyen dankali kuma yana ƙonewa da zarar an sauka digiri ɗaya ko biyu ƙasa da shi. Masu lemu, irin na garin Timiya da ke Azbin, su fi kula da ƙananan dashe.

Ka sayi ɗan ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙarancin abin da aka samu da dare, ka ajiye shi a tsayin shuka a wuri mafi zurfi na garkar, kana dubawa kowace safiya. Idan ya fara nuna digiri 3 ko 4, to ka shiga shiri. Ka yi ban ruwa da rana, tun da hantsi, domin ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe zafi. Ka jinkirta kaftu da sassabe, tun da ƙasar da aka tayar ta fi saurin yin sanyi, ka kuma rage takin zamani mai sa tofo a tsakiyar ɗari. Kafin faɗuwar rana ka lulluɓe tumatir da tsofaffin buhuna ko tabarmi ko zana, a ɗora su bisa 'yan sanduna, gefensu ya taɓa ƙasa, sa'an nan a yaye su idan rana ta ɗaga. Leda ba ta da amfani idan tana taɓa ganye. Turara hayaƙi kuwa, duk da shahararsa, ɗan kaɗan yake taimakawa, kuma bai kai darajar itacen da za a ƙona a ƙasa mai ƙarancin itace irin taku ba.

Idan har jaurar ta taɓa dankalin, kada ka yi gaggawar tone shi, domin yakan sake tofowa daga ƙasa, sai dai girbi zai yi jinkiri kuma ya ragu. Baɗi idan Allah ya kai mu, ka mayar da albasa ƙasan garkar kusa da ƙorama, tumatir da dankali kuma su koma gangare.