Kayan kundin hotunana sun cika mana ɗaki

Assalamu alaikum Anti. Ina gaisuwa da fatan alheri, Allah ya saka miki bisa shawarwarin da kike ba mu.

Ni matar aure ce, shekarata 29, ina koyarwa a wata firamare a Zariya. Gidan haya muke, ciki da falo, ni da maigida da yaranmu biyu. Tun ina budurwa nake son adana abin tunawa: hotuna, katin gayyatar biki, sitika da kalandar da ake rabawa a wajen walima, har ƙyallen anko nakan yanka in ajiye. Da na fara gani a waya yadda matan Amurka ke haɗa irin waɗannan a babban littafi, su manna hoto, su rubuta labarinsa a gefe, su ƙawata shafin, sai abin ya shiga raina. Na sayi takardu masu launi, almakashi uku, gam, ribon, duwatsun ado irin na teloli da alƙaluma kala-kala.

Yanzu kayan sun fi ƙarfina. Jakar bakko biyu a bayan ƙofa, kwali uku a ƙasa, wasu kuma a saman sif. In na zauna aiki, kafin in gano almakashi an kira magariba. Watan jiya autana, ɗan shekara 2, ya jawo jaka ya tuttule gam a kan shaddar babansa da aka karɓo daga wajen mai guga. Maigida bai ɗaga murya ba, ya dai ce ko kayan nan su sami wuri ko su bar gidan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Anti, a ƙarshen damina na buɗe kwalin da ke can ƙasa, na tarar hotunan marigayiya mahaifiyata guda huɗu sun manne da juna, gara kuma ta cinye gefen katin ɗaurin aurenta. Ranar na sha kuka. Ba na son barin wannan aiki, kuma ba mu da halin canza gida. Yaya zan yi?

'Yarki daga Zariya

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta.

Da hotunan nan huɗu zan fara, don su suka tsaya mini a rai. Kada ki ɓamɓare su da ƙarfi, kada ki shanya su a rana, kada ki kusanta su da dutsen guga. Fuskar hoto wata 'yar fata ce siririya, laima ke sa ta yi taushi ta kama bayan na kusa da ita, in kika ja sai ta biyo yatsanki. Ki fara ɗaukar hoton duk abin da ke bayyane da waya, a wajen haske amma ba cikin rana tsaka ba. Daga nan ki nemi tsohon mai hoto, cikin waɗanda suka yi zamanin wankin fim. Hoton da aka wanke da ruwan magani sau da yawa yakan rabu in gwani ya jiƙa shi a ruwa mai sanyi, amma wanda injin buga takarda ya fitar, ruwa na iya wanke tawadarsa. Shi ya sa ban ce ki gwada a gida ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na gani shi ne kin haɗa kaya iri biyu a jaka ɗaya. Akwai wanda in ya lalace gobe za ki sayo wani a kasuwar Sabon Gari: gam, ribon, takarda. Akwai kuma wanda babu kasuwar da ake sayar da shi, kamar katin auren mahaifiyarki. Shi ne ya kamata ya sami wuri mafi kyau a ɗakin, sai ga shi a ƙasa, inda gara ke bi. Saboda haka ranar Asabar, ki kai yara maƙwabta, ki shimfiɗa tabarma, ki juye komai, ki raba shi gida biyu kafin ki sayi ko roba ɗaya.

Kason farko, wato abubuwan tunawan da ba a sayar da su a kasuwa, za ki ga bai kai yadda kike zato ba, ƙila ya shige roba ɗaya mai murfi mai kamawa. In za ki saya, juya gindinta ki duba: in kin ga lamba 5 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, ko haruffan PP, wannan robar ba ta cutar da hoto. Ki guji leda mai taushi mai warin sabon labulen banɗaki, irin wadda ke cikin wasu album masu araha, don da daɗewa takan yi danƙo ta kama hoto. Tsakanin hoto da hoto ki sa farar takarda tsaftatacciya. Ki cire duk robar ɗaure kuɗi da ƙarfen maƙale takarda. Robar narkewa take yi, ƙarfen kuma tsatsa. Yankin jarida ki ware shi daban, domin takardar jarida tana ja da kanta, tana kuma shafa wa maƙwabcinta. Waɗannan 'yan ƙunshin da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu ƙwayoyi kamar gishiri, aikinsu tsotse laima ne, ki tara su ki jefa a ciki. Amma kafur kada ya shiga, kina da yaro mai kai komai baki, guba ne.

Ina za ki ajiye robar? Saman sif bai yi ba. A watan Afrilu, in rufin kwano ya ɗauki zafi, can sama ne ya fi ko'ina turiri, zafi kuma na kashe launin hoto. Ƙasa kin riga kin ga abin da ta yi miki. Tsakiyar sif, a kan katakon da kike jera atamfofi, nan ne wurinta, ko da za ki sauke atamfa biyar zuwa akwatin lefe. In bangon da sif ɗin ya jingina yana jan ruwa da damina, ki matso da shi kamar tafin hannu. Kuma na san mu mata da turaren wuta. Ki rufe robar kafin ki sa kasko, hayaƙi na dafar da takarda. Da hunturu murfin nan ne zai tare miki ƙura.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada wani ya ba ki shawarar kai katin nan a yi masa laminatin. Da zafi ake like ledar, kuma in ta kama ba ta fita. Ki yi kwafi mai launi, shi za ki manna a kundi yara su yi ta shafawa, na ainihin ya kwanta a roba.

Sai kaso na biyu, kayan aiki. Nan sai kin daure, domin iyaka za ki yanka musu. Roba ɗaya mai faɗi, marar tsayi, wadda za ta shige ƙarƙashin gado, ta takardu ce. A kwance ake ajiye takarda, in kika tsayar da ita a jaka sai ta lanƙwashe. Ki auna kafin ki saya: takardar A4 santimita 21 ce da kusan 30, manyan takardun kundi irin na Amurka kuwa inci 12 ne kowane gefe, wato santimita 30 da ɗoriya. Ki ɗora robar a kan 'yan katakai biyu don kada ta taɓa siminti, ki riƙa jawo ta duk sati in kina shara, ki duba ko gara ta fara gini.

Ƙananan kaya kuma, ki sayi jakar takalma mai aljihuna da ake ratayawa a bayan ƙofa, inda bakkon nan suke yanzu. Almakashi, reza, gam da duwatsun ado su hau aljihunan sama, inda hannun autanki ba ya kai. Dutsen ado ɗaya ya isa ya shige hancin yaro. Ribon ki naɗe shi a guntun kwali. Ki ware tire ɗaya na shafin da kike kan yi, in kin tashi ki ɗaga shi sama gaba ɗaya.

Duk abin da bai sami gurbi a waɗannan ba, ya fita. Kalandar biki, yanke hoton ango da amarya da kwanan wata, ki zubar da saura. Ƙyallen anko, faɗin yatsu huɗu ya isa shafi. Guntayen takarda da ba su kai tafin hannu ba, ke malama ce, ɗalibanki za su yi murna da su a darasin zane. Kuma ki dakatar da sayayya har sai kin gama shafi goma da abin da ke hannunki. Da yawan tarin nan na jiran a manna shi ne, kundin da aka kammala kuwa bai fi faɗin yatsu uku a kan katakon sif ba.

Maigidanki bai yi laifi ba, ɗakin nasa ne shi ma, kuma ya ba ki zaɓi cikin mutunci. Ki ba shi haƙuri kan shaddar, ki nuna masa wurare ukun nan, ki ce masa ba za su wuce nan ba, sannan ki cika alkawari.

In kin je gida, ki tafi da kwafin hotunan wajen 'yan uwan mahaifiyarki, su faɗa miki su wane ne a tsaye kusa da ita, a wane gari, wace shekara. Ki rubuta a bayan hoton da fensir mai laushi, a hankali, don biro na huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsawa. Ƙila ma wata gwaggonki na da irin hotunan nan huɗu a ƙasan akwatinta, ki tambaya.

Antinki