Ku Tambayi Baba Mai Magani: Furen da Aka Kawo wa Inna Daga Sin

Tambaya: Assalamu alaikum Baba, ina gaishe ka da aiki. Ƙanen mijina yana fatauci tsakanin Tawa da Guwanzu. Ya kawo wa Inna, uwar mijina, leda biyu na wasu busassun furanni, ga hotonsu nan na turo maka. Ya ce can Sin kowa shan su yake, suna maganin tansiyo, wato hawan jini, da ciwon ido. Inna ta shekara 6 tana shan ƙwayar tansiyo, amma yau mako 3 ke nan da ta aje ta, ta ce furen ya fi mata. Har tana so ta riƙa wanke ido da ruwansa, don tun shigowar hunturu ƙaiƙayi ke damun ta. Ni suruka ce, ba ni da bakin hana ta. Wane fure ne wannan, kuma yaya zan yi? Ɗiyarka daga Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya saka miki da kulawar da kike wa tsohuwa. Kafin labarin fure, ga abin gaggawa: a kai Inna a auna mata tansiyo gobe da safe, kuma ta koma kan ƙwayarta. Sauran bayani ki karanta shi a tsanake.

Na gane furen tun kafin in ƙara girman hoton. Mutanen Sin suna kiran sa juhuwa, Faransawa kuma kirizantem. Abin dariya, a Faransa furen makabarta ne, ranar 1 ga Nuwamba ake kai shi kan kaburbura, alhali a Sin alamar tsawon rai ne. Ni na fara ganin sa ne a teburin wani lokotoro Basine da muka yi aiki tare nan Yamai, cikin ayarin da lardin Guwanshi ke turo wa Nijar tun 1976. Kullum yana da kwalba cike da ruwan zafi, furanni biyar ko shida na yawo a ciki. Lokacin bazara ne, ana zafin da ke narka kwalta. Na tambaye shi, ya ce yana kashe wutar jiki ne. Na kurɓa, na ji ɗan ɗaci-ɗaci, sai wani zaƙi mara ƙarfi ya biyo baya a maƙogwaro. Gaskiya na so shi, har yau ba na rasa shi a gida.

Ƙanen mijinki bai yi ƙarya ba da ya ce tsohon magani ne. Littafin mutanen Sin mafi daɗewa kan tsirrai, Shennong Bencao Jing, wanda ya doshi shekara 2000, ya lissafa magunguna 365, ya sa juhuwa a sahun farko, wato waɗanda ake iya daɗewa ana sha. Ya ce yana maganin juwa da ciwon kai da idon da ke zubar da ruwa. Wani masanin magungunansu, Li Shizhen, shi ma ya yi dogon bayani a kansa cikin babban kundinsa da ya kammala a 1578. Akwai kuma wani haɗi da wani lokotoronsu, Wu Jutong, ya rubuta a 1798, na juhuwa da ganyen bishiyar da tsutsar siliki ke ci, wanda har yau ake ba mai mura da ta zo da ɗan zazzaɓi da tari. Mafi shahara ana noma su ne a Tongshiyang cikin lardin Jejiyang, da garuruwan Bojo da Cujo da yankin Huwangshan a lardin Anhuwi, ana girbe su wajen Oktoba zuwa Nuwamba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda lissafinsu ya yi kama da na kakanninmu. Mu ma ai muna cewa wane zafi ya yi masa yawa, a ba shi tsamiya ko ruwan soɓorodo, wance kuma sanyi ne ya kama ta, a nemo citta da kanumfari da masoro. To su ma haka suka raba abinci da magani, mai zafi da mai sanyi. Juhuwa a wurinsu mai ɗan sanyi ne, yana aiki a huhu da hanta. Kuma a ganinsu ido taga ce ta hanta, idan zafi ya taru a hanta sai ya hau sama, ido ya yi ja, kai ya yi nauyi, mutum ya riƙa faɗa babu dalili. Daga nan maganar ido ta samo asali, daga nan kuma ta tansiyo ta biyo, domin ciwon kai da juwa su ne abin da mutane ke dangantawa da hawan jini. Sai dai waɗancan littattafai an rubuta su ne tun kafin a ƙera abin awon jini. Maganar da suke yi ta ciwon kai ce, kuma mutum yana iya kwana da tansiyo 18 kansa garau, yana raha, jijiya na shirin fashewa. Shan koko ke nan, ɗaukar rai. Na shekara 31 a bayan kantar farmasi, kuma yawancin waɗanda aka zo saya wa magani bayan shanyewar ɓarin jiki, sai ka ji an ce ai ya ji sauƙi ne ya aje ƙwaya.

Masu bincike sun sami sinadarai a furen, irin su lutiyolin da afijenin, waɗanda ke rage kumburi da sassauta jijiya. Amma galibin gwaje-gwajen a ɗakin bincike aka yi su da kuma jikin ɓeraye. Ki kwatanta da ɗan'uwansa cinghawo, dangin tazargade, wanda wata mai bincike ta Sin, Tu Youyou, ta ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga gare shi a 1972, aka gwada a kan mutane, aka tsayar da awo, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Juhuwa bai bi wannan hanya ba a maganar hawan jini. Ko a asibitocin Sin, mai tansiyo ƙwaya ake rubuta masa, shayin fure yana gefe.

Wanke ido kuwa, a'a. Busasshen fure ya sha ƙura da hannuwa, wasu ƴan kasuwa ma turara shi suke da farar wuta don ya yi fari ya daɗe, kuma garin furen kansa na tayar da ƙaiƙayi ga wasu. Idan kin buɗe ledar kin ji wari mai tsami yana sukar hanci, ki zubar. Idon Inna a duba shi a asibiti, a auna har da ƙarfin ruwan cikinsa, don a shekarunta ba kowane jan ido ne na ƙurar hunturu ba.

In tana son shayinta, ta sha. Fure 4 zuwa 6 a kofi, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe minti 5, sau ɗaya ko biyu a yini. Kundin magungunan Sin ya tsayar da giram 5 zuwa 10 a rana, kada a wuce nan. Idan ya sa ta gudawa ko ƙuraje, a bari. Ke kuma in kina da juna biyu, ki bar wa Inna kayanta.

Batun surukuta, kada ki tunkare ta da kanki. Wanda ya ɗaura shi zai kwance. Mijinki ya kira ƙanensa, shi ya ce wa Inna ai can ma haɗawa suke yi da ƙwaya, kuma gaskiya ya faɗa. Maganar ɗan da ya kawo tsaraba ta fi shiga kunne.

Tambaya: Baba, ni tela ne a Bukoki, nan Yamai. Shayin fada yana hana ni barci, aka ce in koma wannan fure, wani kuma ya ce da shi ake yin maganin sauro. Guba zan sha?

Amsa: A'a ɗana. Wanda ake ciro maganin sauro daga gare shi ɗan'uwansa ne, ana noma shi a Kenya, amma tsiro ne daban. Juhuwa ba shi da kafeyin, ba zai hana ka barci ba, sai dai in ka haɗa shi da ganyen shayi a buta ɗaya. Ka rage sukarin nan da kuke zubawa kamar ba gobe. Kuma kada ka tsinko na masu sayar da furen ado a bakin titi, feshi ake musu.