Tambaya da Amsa: Yaya Kwamfuta da Sihiri Suka Haɗu a Labari Guda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja. Na ci karo da ƙagaggun labarai inda ake ɗauke masanin kwamfuta zuwa wata duniya, ya riƙa haɗa surkulle kamar yadda ake rubuta manhaja. Akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu, ko kuwa gamin gambiza ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Alaƙar tana nan, kuma kai da kake koyon wannan sana'a za ka riga kowa gane ta. Surkulle a cikin labari kalmomi ne da ake furtawa su aikata abu, manhaja ma haka take, kuma dukkansu ba ruwansu da abin da ke zuciyar mai su, abin da ya faɗa kaɗai suke bi. A wata waƙa da Goethe na Jamus ya rubuta a 1797, yaron wani matsafi ya umurci tsintsiya ta riƙa ɗebo ruwa, sai ya manta kalmar da ake tsayar da ita, tsintsiya ta yi ta kai da kawowa har gida ya zama tafki. Duk wanda ya taɓa rubuta umarni mai maimaita kansa, ya manta sa masa sharaɗin tsayawa, ya zuba ido yana kallon kwamfutarsa ta sandare, ya san halin da yaron nan ya shiga.

Wanda ya fi bin wannan tunani har ƙarshensa shi ne Rick Cook na Amurka, a littafinsa Wizard's Bane na 1989. An kira wani mai rubuta manhaja, Wiz Zumwalt, zuwa duniyar da sihiri ke da haɗari ƙwarai, domin ɗan kuskure wajen furuci ko motsin hannu yana iya jawo halaka. Ba shi da baiwar matsafa ko kaɗan. Abin da ya lura da shi shi ne, ƙananan surkulle marasa ƙarfi suna ba da sakamako iri ɗaya a kowane lokaci, don haka ya harhaɗa su ya gina harshen sihiri bisa tsarin harshen kwamfuta mai suna Forth. A ganina wannan ne ya sa labarin ya tsaya da ƙafarsa, domin jarumin ya yi nasara da haƙurin gwaji da gyaran kuskure, abin da kowane mai wannan aiki yake kwana yana yi. Af, su kansu masana kwamfuta tun shekarun 1960 suke kiran manhajojin da ke aiki a ɓoye ba tare da an gan su ba da wata kalma mai nufin aljani, wato marubutan sun tarar da rabin aikin an riga an yi musu.

Sai dai ba zan rufe ka ba, da yawa daga cikin labaran da suka biyo baya, musamman na intanet, sun mayar da abin araha. Jarumi ya sauka a sabuwar duniya, ya buɗe wani allo a sararin iska, ya danna, maƙiya su zube. Idan manhajarsa ba ta taɓa tuntuɓe ba, kuma sihirinsa bai ci masa komai ba, ni ajiye littafin nake yi.

Tambaya: Malam, me ya sa kusan kullum sai an kawo duniyoyi biyu ko fiye? Kuma gaskiya ne kimiyya ta tabbatar da su?

Amsa: Malama, marubuci yana bukatar wurin da dokokin duniyarmu ba sa aiki, yana kuma bukatar baƙon da zai yi tambayoyin da mai karatu ke son yi, sai duniya ta biyu ta biya masa bukatun nan gaba ɗaya. Piers Anthony, a Split Infinity na 1980, ya ajiye duniyar kimiyya mai suna Proton da ta sihiri mai suna Phaze, da labule a tsakaninsu, kuma mutum ba ya iya tsallakawa sai idan takwaransa na ɗaya ɓangaren ya mutu. Kelly McCullough kuwa, a WebMage na 2006, ya ɗinke duniyoyi masu yawa da wani irin intanet na sihiri da ke hannun allolin ƙaddara na tatsuniyoyin Girka, ya sa jaruminsa ya zama mai kutse a cikinsa.

Game da kimiyya, a 1957 Hugh Everett ya gabatar da wata fassara ta ilimin ƙananan ƙwayoyin zarra, wadda ke cewa duniya tana rarrabuwa zuwa rassa. Fassara ce da masana ke muhawara a kanta har yau, ba a tabbatar da ita da gwaji ba, kuma ko a cikinta babu hanyar da mutum zai bi ya fita daga wani reshe ya shiga wani. Ƙofofi da labulen da kike karantawa duk ƙirƙirar marubuta ce.